Sulken robar silifa da ranar da kyamara ta shigo zauren Baba

Ranar da na fara zuwa sayen sholisho a kasuwar Sabon Gari, mai shagon ya daɗe yana kallona kafin ya miƙa hannu kan kanta. Budurwa da hijabi har ƙasa ta tsaya a layin masu kayan takalma tana neman gwangwani 2 na gam ɗin da kowa ya san abin da wasu yara ke yi da shi a bayan kango. Ya ce, "Malama, aiko ki aka yi?" Na ce a'a, ni zan yi aiki da shi. "Takalmi kike haɗawa?" Na ce sulke. Bai ƙara tambaya ba. Ya ƙulle min gam ɗin a baƙar leda, ya naɗe min fallayen robar da ake yanka silifa da ita, mai kaurin milimita 5 da mai milimita 10, ya bi ni da ido har na sha kwana.

Abin da nake shirin yi sunansa kosfile. Mutum ya zaɓi wani jarumi na katun ɗin Japan, ko na wasan kwamfuta, ko na littafin zane, ya haɗa kayansa da hannunsa, ya sa, ya je taron masu sha'awa irin tasa ya yini a wannan shiga. Daga Japan kalmar ta fito, wani marubuci Nobuyuki Takahashi ya yi amfani da ita a mujallar My Anime a 1983. Amma al'adar ta girmi sunan. A 1939, a taron farko na duniya na masu son ƙagaggun labaran kimiyya a birnin New York, wata mata Myrtle Douglas ta ɗinka wa kanta da abokinta Forrest Ackerman kayan mutanen zamani mai zuwa, suka shiga taron da su. Ita ta yi ɗinkin, amma shekara da shekaru sunansa aka fi ambata. A lokacin da na karanta wannan ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Da na yi wa Umma wannan dogon bayani tana tsince shinkafa, ta saurara har na dire, sannan ta ce, "Au, tashe?" Na so in musa, amma da me? Duk ɗan da ya tashi a cikin birnin Zazzau ya san cewa azumi na kai 10 yara za su manna audugar gemu, su cusa tsumma a ciki, su fito tsoho da sanda. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar Hawan Daushe ya ga 'yan lifidi da masu sulke da kwalkwali, shigar yaƙin da aka daina tun zamanin kakanni. Ba mu ne baƙi a harkar sa kaya don a zama wani ba. Bambancin dai shi ne ɗan tashe tsumma yake nema ya ba da dariya a ba shi sadaka, mu kuma so muke abin ya fito daidai da zanen, har maɓalli, kuma daga aljihunmu kuɗin ke fita.

Jarumar da na zaɓa tana da sulken ƙirji, da garkuwar kafaɗa guda, da doguwar farar riga mai aikin zare ruwan zinare a wuya da bakin hannu, da takobi, da dogon gashi shuɗi. Gashin ne ya fara hana ni barci, har na ga yadda 'yan matan Malesiya da Indonesiya ke yi: ba sa sa gashin kanti, mayafin da kansa suke naɗewa su kitsa shi ya zama gashin jarumar, wuya a rufe, kunne a rufe. Da wannan hoton na je wa Baba a zaure. Baba mai ɗinkin hannu ne, a kan aikin babbar riga ya tashi, a kansa ya aurar da yayyena. Ya karɓi wayar, ya nesanta ta da idonsa, ya kafa sharuɗɗa 3: ba a ganin gashina, ƙanina zai raka ni, kuma magariba ta same ni a gida. Ya miƙo min wayar ya ci gaba da aikinsa. Iyakar rigimar da aka yi a gidanmu ke nan, in ban da Gwaggo da ta zo wuni ta ce ita ba ta san wane miji zai ɗauki mai yawo da takobi ba.

Sati 7 nake da shi kafin taron, a tsakiyar hunturu.

Matakin farko shi ne fitar da ma'auni, kuma ba da awon tela ake yinsa ba. Na sa tsohuwar riga, ƙanwata ta nannaɗe ni da leda daga wuya zuwa ƙugu, sannan ta bi ledar da salatif mai faɗi har sai da numfashi ya fara yi min wuya. A jikin salatif ɗin ta zana siffar sulken da biro, ta sa almakashi ta tsaga ta baya, ta haɗa har da rigar. Abin da aka cire daga jikina kamar ɓawon gyaɗa yake. Sai a yanka shi gida-gida, duk inda ya ƙi kwanciya a ƙasa a tsaga shi kaɗan har ya baje, a kwafa a kwali, daga kwali a kwafa a roba. Kowane yanki da lambarsa da alamar inda zai haɗu da ɗan'uwansa. Na raina wannan alamar a karon farko, na wayi gari da yanki 14 a tabarma ban san wanne ne dama wanne ne hagu ba.

Yankan robar wani mai gyaran takalma a Tudun Wada ne ya koya min, ba intanet ba. Na kai masa ɓallin da na yanka, gefensa duk ya yi kaca-kaca kamar ɓera ya ci. Ya ce robar nan cin kaifi gare ta, in na yi yanka 3 ko 4 in goga wuƙar a sanfefa, kuma kada in yi ta zarya kamar mai yanka nama, ja ɗaya ake yi. Ya nuna min yadda ake karkata wuƙar in ana son gefe biyu su haɗu su yi kusurwa. Shi ne kuma ya gyara min shafa gam. Ni da nake yi sai in lafta shi in manna nan take, abin ya yi ta zamewa. Ashe siriri ake shafawa a fuska biyun, a bar shi ya sha iska har in ka taɓa da yatsa ba zai biyo ka ba, sannan a haɗa a hankali daga wannan baki zuwa wancan. Da zarar sun taɓa juna magana ta ƙare, babu gyara. Ya ce in riƙa yi a tsakar gida, kada in kuskura in rufe kaina a ɗaki da shi. Na ƙi ji rana ɗaya saboda sanyi, na kwana da ciwon kai kamar ana sara min gatari.

Robar ba ta lanƙwasa sai ta ji zafi. Masu yi a ƙasashen waje suna da wata na'ura mai hura iska mai zafi, ni kuwa ko da ina da ita sai an kawo wuta. Kurfotin Umma na koma wa. Bayan an sauke tuwo, garwashin ya yi toka-toka, sai in riƙe robar a sama da shi kamar taƙi biyu ina juyawa, in ta yi laushi in kifa ta a bayan ƙwarya in danne da tsumma har ta huce. Garkuwar kafaɗar farko ta ƙone, gidan ya cika da warin taya, Umma ta kore ni daga madafa na kwana 2. Ta biyu ta fito da kumburi daidai da bayan ƙwaryar furar Baba, kuma har yau in na kalle ta ƙwaryar nake gani.

Daga nan sai aikin da ya fi cin rai. Roba tana shan fenti kamar ƙasar rani, don haka sai an fara toshe ta. Farin gam na kafintoci nake sirkawa da ruwa in shafa, ya bushe, in goge da sanfefa mai laushi, in sake, har sau 4. Hunturu ya taimaka wajen bushewa amma ya rama da ƙura: in na shanya a waje, kafin in juya ta manne a jiki. A ƙarshe gidan sauro na ɗaura a tsakar gida na riƙa shanya a ciki. Bayan fentin azurfa ya zauna, sai na dama baƙi ruwa-ruwa na bi lunguna da shi na goge, na ɗan kankare gefuna kamar takobi ya taɓa sara. Umma ta tsaya a kaina ta ce, "Ke yanzu duk wahalar nan da kika sha, da hannunki kike ɓata shi?" Ba ɓatawa ba ce. Sulken da ya fito fes kamar sabon kwano ba ya kama da ƙarfe, sai ya yi dattin yaƙi ido ke yarda da shi. Takobin bai ba ni wahala ba, bututun ruwa ne a tsakiya, roba ta rufe shi. Maɗaurai kuwa daga jakunkunan makaranta na gwanjo na ciro su.

Ina sati na 4 aka turo sanarwa a zaurenmu na masu kosfile a WhatsApp cewa wani kamfanin shirye-shirye yana neman matasan Arewa masu sha'awar abubuwan da ba a saba gani ba, za a bi su da kyamara a nuna rayuwarsu yadda take. Wani da ya girme mu a harkar ya ja kunnenmu. Ya tuna mana da Heroes of Cosplay, shirin da tashar Syfy ta Amurka ta fara nunawa a 2013, wanda masu kosfile da yawa a can suka yi tir da shi saboda ya mai da abin kamar gasa da gaba da tsegumi ne kawai, alhali yawancin masu yi ba su taɓa shiga gasa ba. Na karanta, na ce wannan ai Amurka ce. Gaskiyar magana ita ce ina son a gan ni. Sati 4 ina fama da ƙura da gam, 'yan unguwa na ganin kamar na samu taɓuwa, ga wasu sun ce abin da nake yi ya isa a nuna a talabijin. Takardar yarjejeniya shafi 5 ce da Turanci. Na duba inda aka ce sa hannu, na sa. Na kai wa Baba tasa, ya ce, "Kin karanta?" Na ce e.

Su 3 suka zo: mai kyamara, mai ɗaukar sauti, da shugabarsu, wata mata mai fara'a da nake kira Anti, ita kuma tana ce min ƙanwata. Kwana 3 suka yi da mu, biyu a gida, ɗaya a wurin taro. Ban taɓa sanin haka ake ɗaukar rayuwar gaske ba. Shigowa daga zaure zuwa tsakar gida da leda a hannu sau 5 na yi ta. An ce in tsaya a taga in yi shiru ina kallon waje kamar ina tunani, tagar da in ka leƙa katangar maƙwabta kawai za ka gani. An maƙala min ƙaramin makirufo a cikin hijabi tun safe, kafin azahar na manta da shi.

Sai hira. Aka zaunar da ni a kujera, Anti ta zauna gefen kyamara ta ce ita zan riƙa kallo. Ta ce ba za a ji muryarta a shirin ba, saboda haka kowace amsa in faɗe ta cikakkiya, in saka tambayar a ciki. Ta tambaye ni wa ya fi hana ni wannan abu a gida. Na ce babu. Ta yi murmushi ta ce, "Haba ƙanwata, a cikin birnin Zariya? Ko mutum ɗaya bai taɓa cewa komai ba?" Na tuna da Gwaggo, na ba ta labari muna dariya. Ta ce, "Yauwa. To faɗa min a jimla ɗaya, ki ce a gidanmu ba kowa ne ya yarda da abin da nake yi ba." Na faɗa. Ta ce in sake, a hankali, ban da dariya. Na sake. Ta tambaye ni ko na taɓa jin kamar in haƙura, na ce ranar da garkuwar ta ƙone na yi kuka. "Ki ce akwai ranar da na yi kuka na ce na haƙura." Na ce. A raina ina jin daɗin yadda maganata ke fita da nauyi kamar ta manyan mutane. Game da kurfoti da ƙwarya da gidan sauro kuwa, na yi bayani ya fi na minti 20, tana gyaɗa kai tana duba waya.

A rana ta biyu ne abin ya faru. Farar rigar na riga na ɗinka ta a keken Umma, kuma na yi ƙarfin halin yin aikin zaren wuyan da kaina, dare 6 ina yi a ɓoye don in ba Baba mamaki. Anti ta ce in kai masa a gaban kyamara. Yana zaune a inda yake zama kullum, kan buzu, bayansa a jikin bango, wata shadda a cinyarsa. Na durƙusa na miƙa. Ya baza wuyan rigar a gwiwarsa, ya bi aikin da babban yatsa, ya juya ta ciki ya ga yadda zaren ya cukurkuɗe a baya. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Wallahi ba za ki fita da wannan abin daga gidan nan ba. Abin kunya ne. Mutane su gani su ce 'yar wa?"

Idona ya kawo ruwa, don dare 6 ba wasa ba ne. Shi kuwa bai ko kalle ni ba, ya riga ya laluba gwangwaninsa ya ɗauko reza. A gabansu ya farke aikin tas, ya tsince guntayen zaren ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Uwata, kawo hoton nan." Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana. Ya daɗe yana kallon zanen Japanawan, yana buɗa shi da yatsu biyu yadda ƙanina ya koya masa. Ya ce wannan lanƙwasar ai dagi ce ba su ƙarasa ba, waɗannan dogayen tsinin kuma ba su da maraba da aska. Ya jawo tawada da alƙalamin kara, ya zana a jikin farin yadin kai tsaye, ba gwaji, ba gogewa, yadda ake zana wa babbar riga aiki kafin allura ta taɓa ta. Sannan ya zare zaren, ya lasa bakinsa, ya zura a allura ba tare da ya ɗaga kai ba. Yadin yana naɗe a yatsansa na hagu, allurar na shiga tana fita kusa da kusa har ba ka ganin farin da ke tsakani, kuma in ka juya bayan aikin kusan kyansa ɗaya da gaban. Mai kyamara ya durƙusa dab da hannunsa ya ɗauka ya kai minti 40, har shi da kansa yana cewa kai, Baba, wannan aiki. Dare 9 Baba ya yi a kan rigar, da fitilar caji, ya ajiye aikin wani Alhaji da ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ni ranar taron da asuba ina manna maɗaurin ƙarshe. Muka tari Keke Napep daga Ƙofar Doka, sulken a cikin buhu, takobin ya ƙi shiga, ƙanina ya riƙe shi tsininsa a waje har Samaru, 'yan acaɓa na yi mana ihu. Wani ɗan ɗakin taro muka kama da karo-karo. Masu karanta labarin taron kosfile na duniya da ake yi a birnin Nagoya na Japan tun 2003, ko Lagos Comic Con da aka fara a 2012, kada su ɗauka irinsa ne. Ba mu fi mu 30 ba, rabi ɗalibai, wasu daga Kaduna, da fanka 2 da janareta mai tari.

Amma ban taɓa yini irin wannan ba. Ina fitowa daga ɗakin da muka sa kaya, maɗaurin kafaɗata ya ɓalle. Kafin in buɗe baki wata yarinya da ban taɓa gani ba, ita ma cikin nata kayan, ta zaro fil da zare daga jaka ta juya ni ta kama aiki. Duk hirar wurin iri ɗaya ce: milimita nawa ce wannan, wane gam kika sa, ya aka yi gefen nan bai tsage ba. Na ba da labarin gidan sauro sau ba adadi, wani ya rubuta a wayarsa. Wuyan rigar kuwa sai da aka yi layi ana taɓawa. An yi 'yar gasa a ƙarshe ta minti 15, kyautar kwalin alewa da kati, wadda ta gyara min maɗauri ita ta ci, ni na zo ta 3. Na ga Anti ta ja ta gefe da kyamara, daga baya yarinyar ta ce min tambayarta aka yi ta yi ko tana ganin na isa in kara da ita. Ƙarfe 6 saura muna cikin gida.

Bayan wata 2 aka saki tallan shirin, daƙiƙa 40, a Facebook da TikTok. Ƙawata ce ta turo min da alamar kuka. Ga ni a taga ina kallon katangar maƙwabta, ana kaɗa wani kiɗa mai sa tausayi, muryata na cewa a gidanmu ba kowa ne ya yarda da abin da nake yi ba. Sai fuskar Baba a murtuke: wallahi ba za ki fita da wannan abin daga gidan nan ba, abin kunya ne. Sai hannunsa da reza yana farke rigar. Sai idona da hawaye, muryata a sama tana cewa na yi kuka na ce na haƙura. Sai ni a Keke Napep, kamar wadda ta sato hanya.

Cikakken shirin minti 11 ne, kuma tallan ne aka ja shi ya yi tsawo. An nuna gwangwanin sholisho kusa-kusa ba tare da an ce na mene ne ba. An nuna yarinyar nan tana cewa kowa ya zo ne don ya ci, aka yanko fuskata daga wani lokaci daban ina harara, hararar da janareta nake yi wa. Kurfoti bai fito ba, mai gyaran takalma bai fito ba, fil da zare ba su fito ba. Daga baya na gane dabarar: duk inda ka ji muryar mutum tana tafiya amma ba a nuna bakinsa, ana nuna hannunsa ko bayansa ko taga, to akwai yiwuwar an yanko maganar ne daga wurare daban aka ɗinke. Masu sana'ar a Amurka har suna suka sa wa abin, daga dodon labarin Frankenstein da aka harhaɗa da sassan jiki daban-daban. Ɗinki ne shi ma, kuma wanda ya yi namu gwani ne, ba ka ganin bakin zaren.

Mutane suka rabu biyu a kaina. Wasu na yi min jinjina, jaruma, wadda ta fi ƙarfin uba mai tsattsauran ra'ayi, har wata ta ce in ina bukatar wurin gudu in neme ta. Wasu na sa wa Baba albarka suna tsine min, 'yar da ta bijire ta bi al'adar kafirai. Ba wanda ya fi min ciwo kamar na farkon, don su ne suke ganin suna taimakona. A masallacin unguwa dattawa suka riƙa miƙa wa Baba hannu suna cewa Malam ka yi daidai, sai haƙuri da 'ya'yan zamani. Alhajin da aka ajiye aikinsa dare 9 shi ma ya zo jaje.

Na kira Anti raina a ɓace. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ƙanwata, wace kalma ce a ciki ba ku faɗa ba?" Na yi shiru, don babu. Ta ce sun ɗauki sama da awa 10, minti 11 aka ba su, kuma ba wanda zai zauna ya kalli mutum yana goga roba da sanfefa. Ta tuna min da shafi na 3 na takardar, inda na yarda su tace su jera yadda suka ga dama. Ban yafe mata ba, amma ba zan ce ƙarya ta yi a kan masu kallo ba. Tun 1973 da aka nuna shirin talabijin An American Family a Amurka, inda aka ɗauki wani iyali awa 300 aka tace zuwa kashi 12, abin da aka fi tunawa shi ne mutuwar auren. Ni kaina in ana Big Brother Naija, guntayen faɗan nake buɗewa, ban taɓa neman inda suke wanke-wanke ba. Kuma ba wanda ya sa min wuƙa a wuya na maimaita jimlolin nan. Na ji yadda suke fita, na san ba haka gidanmu yake ba, na faɗa saboda sun yi min daɗi a baki.

Sai da na kwana 3 kafin na iya kai wa Baba wayar. Na same shi bayan la'asar, na durƙusa, na fara da cewa ban karanta takardar ba. Ya ce ya sani. Ya sa tabarau, ya kalli minti 11 ɗin bai ce uffan ba, har inda yake farke rigar da reza. Ni ina kallon tabarma. Can wajen ƙarshe, inda nake tsaye a gaban alƙalan gasa, mai kyamara ya matso da hoton kan wuyan rigar, bai fi daƙiƙa 4 ba. Baba ya ce, "Tsaya. Mayar da shi baya." Na mayar. "Tsayar a nan." Ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya kawo shi kusa da ido, ya nesanta. Ya nuna min wani wuri a gefen hagu, ƙasan dagin, da farcensa.

Ya ce, "Kin ga nan? Zaren ya saki. Garkuwar nan taki ce ke gogarsa. Je ki ɗauko min rigar, uwata, ki taho da garkuwar ma in ga bakinta."